Yadda Ridmal Ya Nema wa Sugan Likita Mace

Bango ɗaya ne ya raba shagona da rumfar Ridmal, a layin da ke kallon ƙofar gidan Uwa, babban wurin bauta na garinmu Deshnok. Ni tela ne, sunana Subhan. Shi kuma madara yake sayarwa da gero da alewa, masu ziyara su saya su kai wa ɓerayen da ke ciki. Tun muna da baƙin gashi muke jin tarin juna ta bangon nan. Watan jiya ya rasu. Har yanzu idan zare ya ƙi shiga allura nakan buɗe baki in ce surutunsa ne ya hana ni gani, sai in tuna babu kowa a bayan bangon.

Dogo ne, mai gashin baki kamar ƙahon sa, ga rowar ashana ga kyautar madara. Bai taɓa yin wani abu da za a buga a jarida ba. Amma akwai abu guda da na ga ya yi da idona, kuma ina so in faɗe shi tun ina da baki.

Ridmal ɗan zuriyar Uwa ne, wadda ake bauta wa a gidan nan. A wurinsu wanda ya mutu a dangi ba ya yin nisa. Ɓera yake komawa a gidan Uwa, ya ci ya sha, in kwanansa ya ƙare a can ya dawo jariri a cikin dangin. Ni Musulmi ne, abin da aka koya mini daban. Mun taɓa yin gardama a kan wannan muna samari har ya jefe ni da ludayi, daga ranar muka bar maganar, kowa ya riƙe nasa.

Matarsa Sugan ta riga shi tafiya. Ƙullutu ne ya fito mata a nono, ta rufe shi da mayafi ta yi shiru, domin likitan da ta sani namiji ne, ita kuwa ta ce babu namijin da zai ga jikinta bayan mijinta. Ko shi Ridmal bai sani ba sai da abin ya fashe. Da aka kai ta asibiti aka ce an makara. Ni da na yi shekaru ina ɗinka mata kaya ban taɓa ganin fuskarta ba, tsohuwar riga take aiko mini in auna.

Ba a daɗe da gama zaman makoki ba, wata ƙaramar macen ɓera ta tsallaka titi daga gidan Uwa ta shiga rumfarsa. Ga gero a buhu, ga alewa a faranti, duk ta wuce su. Ta nufi ƙunshin tabar ganyen da yake ɓoyewa bayan tukunya, ta yayyaga shi kaca-kaca, ba ta ci ko ɗaya ba. Washegari ya sayo wani, ta sake yi masa haka. Sugan ta yi rayuwarta tana yaƙi da tabar nan. Ridmal ya zauna a ƙasa yana dariya hawaye na bin gashin bakinsa.

"Tela!" ya kira ni ta bango. "Zo ka gaishe da matar yayanka, ta dawo da halinta."

Daga ranar ya daina shan taba, ita kuma ba ta koma gidan Uwa ba. A kafaɗarsa take yini, in rana ta yi zafi ta shige cikin naɗin rawaninsa. Yana kiranta Sugan, tana zuwa. Ni dai ɓera nake gani, amma ɓeran da ya sa abokina ya koma cin abinci, sai na riƙa ajiye mata ƙyalle mai laushi.

Ta shiga shekararta ta biyu a wurinsa, da sanyi, wata safiya ya kira ni da wata murya da ban saba ji ba.

"Ajiye wandon nan ka zo. Kalla, amma kar ka taɓa."

Ya ɗaga ta kaɗan. A ƙarƙashin hannunta na hagu akwai ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa.

"Nan ne," ya ce. "Daidai nan ne wancan ma. Amma wannan karon ba ta da mayafin da za ta rufe mini."

Kafin mako ya zagayo abin ya kai dabino. Ridmal ya ce zai nemi likita, maganar kuwa ta kai gida kafin shi. Ɗansa Narpat, mai tuƙa motar haya, ya zo rumfar ransa a ɓace. Matarsa Jadao tana da tsohon ciki a lokacin.

"Baba, wa ka taɓa jin ya sa wa ɓeran Uwa wuƙa?" in ji Narpat. "Inna ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ga ciki a gida, tana so ta dawo. In ka riƙe ta a can, wa zai shiga jikin yaron?"

"Matattunmu sun ƙare ne? Layi ne guda a can ciki."

"Jadao ba ta barci. Tana tsoron ta haifi abin da babu kowa a ciki."

"Ka ce mata ta ci abinci ta kwanta. Kai kuma je ka wanke motarka, ta fi ka datti."

A gidansu suruka ba ta magana da uban miji kai tsaye. Ridmal ya ba ni labari cewa da ya koma cin abinci, Jadao ta juya baya cikin lulluɓinta tana yi wa tukunya magana da ƙarfi: "Ke tukunya, in wani abu ya sami ɗana, kin san wanda za a tambaya." Ya ce ya bar tuwon ya tashi. Amma da gari ya waye ya huhhuda akwatin alewa, ya shimfiɗa auduga, ya ce in rufe shago.

Mun fara da mai sayar da maganin shanu a bakin kasuwa. Ya leƙa akwatin, ya ce shi maganin ɓera iri ɗaya ya sani, kuma a garin nan ko sunansa ba ya faɗa. Muka je wurin wani dattijo mai ɗaurin karaya, ya ba mu kurkum da man shanu mu shafa. Sugan ta lashe shi tas, ƙullutun bai ko gezau ba. Sai muka hau jirgin ƙasa zuwa Bikaner.

A birni mun sha yawo. Wani wuri mai gadi ya kore mu tun daga ƙofa, wani wuri suka ce su shanu da awaki kawai suka sani. Ridmal yana tafiya yana tsayawa, ya jingina da bango yana haki, na ɗauka gajiya ce. Da la'asar muka sami wani asibitin karnuka mai sanyi kamar randa. Likitan saurayi ne mai fara'a. Bai yi dariya ba, bai yi ƙyama ba.

"Irin wannan ƙari yana yawan fito wa matansu," ya ce. "Sau da yawa ana iya cirewa. Kawo ta in taɓa, Baba."

Ya miƙo hannu. Ridmal ya janye akwatin ya rungume.

"Babu mace a nan?"

"Mace kuma?"

"Likita mace."

"Ni kaɗai ne. Amma na iya aikin."

"Allah ya ƙara basira, ɗana," in ji Ridmal, ya rufe akwatin ya fita.

Muka isa tasha. A nan na fashe. Ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba.

"Kai mahaukacin ina ne? Mun yini muna yawo kamar masu neman jaki, mun sami wanda ya yarda, ka ce sai mace! Ɓera ne, Ridmal! Tsirara take yawo a kafaɗarka kowa na gani!"

"Gani daban, taɓawa daban."

"Wannan kunyar ce ta kashe ta da fari. Za ka bari ta sake kashe ta?"

Na yi nadamar maganar tun ba ta gama fita ba. Bai yi fushi ba. Ya zauna a benci, ya tuɓe takalminsa, ya nuna mini ƙafafunsa. Sun kumbura sun yi sumul, ya danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba.

"Zuciya ce," ya ce. "Tun damina aka gaya mini. Narpat bai sani ba, kai ma ka riƙe bakinka. Tela, ni ina kan hanyar shiga can. In ta mutu yanzu, ita ta fito ni na shiga, mun yi saɓani a bakin ƙofa. Ta dawo jikata, tana rarrafe a tsakar gida, ni ina can ina cin gero da baƙi. So nake ta jira ni. Ko wata ɗaya ne mu yi tare, babu rumfa, babu yara, babu mai kiranmu."

Ya ci gaba yana shafa murfin akwatin.

"Amma ba zan sa ta jira ni da abin da ta gwammace mutuwa a kansa ba. Wancan karon ban san ana neman mace ba. Da na sani da na nema har Jaipur. Yanzu na sani."

Na taimaka masa ya mayar da takalmin. Ban yarda da ko kalma ɗaya ta maganar komawa ɓera ba, har yau ban yarda ba. Amma daga wannan benci na zama mai neman likita mace fiye da shi.

Duk wanda ya kawo ɗinki sai na tambaye shi. Ƙullutun yana ta girma har ya kusa kai ƙaramin lemun tsami, Sugan ta fara jan gefe ɗaya in tana tafiya, ta kasa hawa kafaɗarsa sai ya ɗora ta. A ƙarshe wani mai amalanken raƙumi da ya kawo mini gyaran riga ya ce akwai wata a bayan Bikaner, Dakta Urmila, ita ta ɗinke wa raƙuminsa leɓe.

Mun same ta a wani fili, ta cusa hannu har kafaɗa a bakin wani raƙumi da aka durƙusar, tana zagin mai shi don ya bar haƙori ya ruɓe. Gajeriya ce kakkaura, muryarta ta fi jikinta. Na ce a raina wannan hannun in ya kama Sugan ai sai dai a kwashe. Ta wanke hannu ta zo.

"Ina dabbar?"

Ridmal ya buɗe akwatin.

"Yau na ga ikon Allah," ta ce. "Baba, ka rasa mai duba ɓera sai likitar raƙuma?"

"Ba ɓera na kawo miki ba, 'yata. Uwar 'ya'yana ce."

Ta dubi rawaninsa, ta tambayi garinmu, da ta ji sai ta daina dariya. Ta ce tana makaranta ta yi wa irinsu aiki da yawa, farare, amma an daɗe. Ta sa yatsa biyu ta ɗaga Sugan, ta lalubi ƙullutun a hankali kamar mai taɓa ƙwai.

"Yana motsi, bai kama ƙashi ba. Zan iya cirewa. Amma ka ji gaskiya: tana iya tafiya a cikin barcin, kuma ko ta tashi abin yana iya dawowa. Ga shi ta manyanta, su ba sa daɗewa."

"Wata nawa za ki samar mata?"

"Ba a hannuna yake ba. In an yi sa'a, ta ga ƙarshen bazara."

"Ya ishe ni."

Ta sunkuyar da kai ta ga ƙafafunsa a cikin takalmin da ya yanke wa baki don su shiga. Ta ce mu dawo jibi da safe.

Ranar aikin ta tambaye shi ko ya hana ta abinci. Ya ce bai iya ba, shi ya yi azumin a madadinta tun jiya.

"Gara da ka yi haka," in ji Dakta Urmila. "Su ba a hana su ci kafin aiki. Kai kuma sha shayin nan, ba na son tsoho ya faɗo mini a kan tebur."

Teburin na awaki ne, Sugan a tsakiyarsa kamar an yar da safa. Likitar ta cika safar hannu ta roba da ruwan ɗumi ta ɗaure, ta kwantar da ita a kai don kada sanyi ya kama ta. Ta yanke gindin sirinji ta yi mata abin rufe hanci, ta haɗa da bututun iskar barci. Sugan ta ɗan yi harbi, sai jelarta ta saki. Likitar ta kwantar da ita rigingine ta ɗauko abin aski.

"Tela," in ji Ridmal, "juya baya. Matar mutane ce."

Na juya. Saboda haka ban ga aikin ba, ji na yi. A gabana akwai taga, a bayan tagar wani raƙumi yana tuƙa yana kallona. A bayana ina jin ƙarar almakashi ƙanana, ƙit, ƙit, irin wadda nake ji in ina yanke bakin zare. Ina jin numfashin Ridmal mai nauyi, shi ke riƙe da fitila. Can na ji likitar ta ce, "Matso da hasken. Ka ga wannan jijiyar? Ta fi gashin bakinka siranta. In na kuskure ta, jinin jikinta duka bai cika cokali biyu ba." Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ban tsaya tambayar kaina ko ana yi wa ɓera addu'a ba. Ridmal kuma yana magana ƙasa-ƙasa, ba da Uwa ba, da matarsa. Yana ce mata mace ce, ta saki jikinta, babu kowa, Tela ma ya juya.

Wani abu ya faɗa cikin kwanon ƙarfe, tim.

Da aka ce in juyo an riga an lulluɓe ta. Na ga ƙarin a kwano, fari-fari, ya kusa kai girman kanta. Likitar ta nuna wa Ridmal ɗinkin, shi ya ce mini ko ni ban iya irinsa ba, na ce ai ba a bar ni na gani ba balle in yi gardama. Muka tsaya mu uku a kanta. Ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar, kamar ba ya yi. Sai gashin bakinta ya motsa. Ta yi atishawa, ta miƙa hannu ɗaya, ta fara wanke fuska a karkace kamar mai maye. Matar da na gani da hannu a bakin raƙumi ta juya tana share ido da gefen mayafinta.

Ta gargaɗe mu cewa Sugan za ta cinye zaren in ba a rufe wurin ba. Wannan kam aikina ne. Ridmal ya auna ta da zare ya miƙo mini, na yanki gefen wani tsohon mayafin Sugan ja, na ɗinka 'yar riga mai ramin hannu biyu. Ta cinye ta farko, ta cinye ta biyu, ta uku na sa mata ninki ta haƙura. A rayuwata ban yi ɗinkin da ya ba ni wahala ya kuma faranta mini rai kamar wannan ba.

A gida kuwa babu mai yi wa Ridmal magana. Narpat ya daina biyowa ta rumfa. Jadao ta daina ko yi wa tukunya ƙorafi, wanda ya fi zafi. Sugan tana warkewa tana ƙiba, cikin Jadao yana sauka, Ridmal yana ramewa a tsakaninsu. Ya ce mini in yaron nan ya zo ba daidai ba, ba shi da fuskar da zai kalli kowa, a nan ko a can.

Ranar haihuwar yana rumfa, bai iya zama a gida ba. Da hantsi muka ji ana buga farantin tagulla daga unguwarsu, alamar an sami namiji. Ya kasa tashi, ni na ruga. Tun daga bakin lungu nake jin ihun jaririn. Na dawo na ce masa lafiyayye ne, ya cika unguwa da kuka. Da yamma Narpat ya kawo shi a naɗe, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ridmal ya duba fuskar, jaririn ya tsuke ta ya ƙwala ihu.

"Kawuna ne," in ji Ridmal. "Wanda ya mutu yana zagin mai ba shi magani. Ku shirya, kun shiga uku."

Narpat ya yi dariya, sai dariyar ta juye kuka, ya durƙusa ya taɓa ƙafar ubansa. A nan ya ga kumburin.

Ridmal ya kai farkon zafi. Kwanakinsa na ƙarshe a kan gadon igiya ya yi su a zaure, Sugan tana kwance a ramin wuyansa, gashin da aka aske mata ya fito sabo. Jadao da kanta take dama mata gero. Ran da na je masa na ƙarshe ya kama hannuna.

"In an gama da ni, kai za ka kai ta ciki."

"Ni? Ga ɗanka."

"Shi zai yi ta kuka ya taka wani kakansa. Kai ka iya lallaɓawa."

"To in kun haɗu ka gaishe ta."

"Ka yarda ke nan?"

"Ban yarda ba. Ka dai gaishe ta."

Ya rasu washegari da azahar, tana raye.

Da aka gama zaman makoki na ɗauki akwatin, Narpat yana biye. Muka tuɓe takalma a ƙofa, muka shiga muna jan ƙafa a ƙasa ba ma ɗagawa, don kada a taka kowa. Ɓeraye ko'ina, a kan matakala, a jikin ƙarafa, sun yi da'ira a bakin babban farantin madara jela a waje. Na durƙusa na buɗe murfin. Ta daɗe tana shinshina iska. Sannan ta sauka ta bi ta kan ƙafata, ta nufi farantin, ta cusa kanta tsakanin biyu ta sha. Na bi ta da ido iyakar iyawata. Da ta ɗago ta bi gindin bango tare da wasu, suka shige wani rami, na kasa bambance ta.

"Kawu," in ji Narpat, "ka ga wani ƙarami yana bin ta?"

Na ce masa idona ya tsufa, ba zan yi masa ƙarya ba. Muka tsaya muna kallon bakin ramin har dutsen ya fara ƙona mana tafin ƙafa.